Abin Da Na Yi Wa Kawunku Tanko

Na san kun taso kuna jin labarin kamfanin fata na Challawa iri biyu. A gidan nan ana ba ku shi a matsayin ranar da mahaifinku ya bi ta kwata ya fito da mutum tara da ransu. A gidan dangin mahaifiyarku kuwa ba a ba ku labarin ko kaɗan, sai dai ku ga tsofaffi sun yi shiru idan aka ambaci sunana. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, zan rubuta muku yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, har da inda ba ya yi mini daɗin faɗa.

Bayan an gama yaƙin basasa aka tsinci wasunmu aka ba mu horo na musamman, irin wanda mutanen gari suke kira kwamando. Ni saje ne a lokacin, da mutum takwas a ƙarƙashina. Ya kamata ku san irin mutumin da yaƙi ya dawo wa mahaifiyarku da shi. A daji wani ɗan jagora da muke cin abinci kwano ɗaya da shi ya taɓa kai mu har bakin bindigar abokan gaba, na binne mutum uku da hannuna a ranar. Tun daga nan, idan mutum yana yi mini magana, hannunsa nake kallo da inda idonsa yake zuwa. A bariki ana yabona da wannan hali. A gida mahaifiyarku Binta takan ce ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Muna zaune a Na'ibawa, a wani gidan haya kusa da titin Zariya, Binta tana da tsohon cikin Asabe. Yayanta Tanko shi ne helma a kamfanin fatar, wato shi ke kan leburori. Dogo ne, ba shi da yawan magana. A kan gonar mahaifinsu aka gina kamfanin, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kullum ya hau kekensa ya tafi aiki a inda ya yi noma yana yaro. Shi ya ba ni auren Binta lokacin da sauran dangi suke cewa ba za su ba soja 'yarsu ba.

Wata Laraba da safe, 'yan aikin safe suna shiga, mutum biyar suka kutsa cikin kamfanin da bindigogi uku da adduna. Tsofaffin masu gadin wurin ne. Wata biyu kafin nan an ga fatu da ƙiraga suna ɓacewa daga sito, aka ɗora musu laifin aka kore su, aka kuma tsare ƙanin shugabansu. Shugaban nasu shi ake kira Mamman Dogo. Suka tisa ƙeyar mutum goma zuwa cikin siton: mataimakin manaja, da malamar asibitin kamfanin mai suna Saratu, da leburori bakwai, da Tanko. Suka ce a saki ƙanin Mamman Dogo, a ba su babbar mota, in ba haka ba za su fara kashewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar awa guda sai suka buɗe ƙofa suka saki Tanko shi kaɗai, suka ce shi zai riƙa kai saƙo yana kawo abinci.

Da la'asar aka kira mu. Muka mai da ofishin manaja da ke kan bene wurin shawara. Mu biyar ne muke zama: kyaftin ɗinmu, da sufeton 'yan sanda, da ni, da Tanko saboda shi yake ganin ciki, sai Malam Sabo akawun sito, wanda ke riƙe da makullai da zanen ginin. Malam Sabo mutum ne mai fara'a, kullum cikin farar riga, shi yake kawo mana shayi, ba ya buɗe baki sai ya ce ranka ya daɗe. Siton kuwa dogon gini ne mai ƙofar ƙarfe guda ɗaya, tagoginsa suna can sama kusa da kwano, ciki cike da fatu masu gishiri an jibge su sun fi tsayin mutum.

Dabararmu ta farko ita ce mu hau rufin ta gabas da sassafen Alhamis, mu ɗaga falle biyu na kwano mu sauka da igiya. Ba mu ko jingina tsani ba sai harsashi biyu suka huda kwanon daidai wurin da muka zaɓa. Sai muka ji muryar Mamman Dogo ta taga.

"Ku gaya wa sajen nan ya mai da tsaninsa inda ya ɗauko shi!"

Muka koma ofis muka sake shawara. Na ce a ɓoye mutum huɗu a bayan tankar ruwa, a ce ruwan sha aka kawo musu. Tanko ya kai abincin rana ya dawo da saƙo: kada wata mota ta matso kusa da sito, ko da tankar ruwa ce. Kyaftin ya dube ni, na dube shi. Duk mun gane cewa maganar da muke yi a ofishin nan tana riga mu shiga sito.

Daga nan na sa wa Tanko ido. Na fara duba agogo idan ya shiga. Ajiye kwanukan abinci bai fi minti biyar ba, amma ya taɓa yin kusan rabin awa. Ya fito yana cin goro. Na tare shi a gindin bene.

"Yaya Tanko, wa ya ba ka goro?"

"Mamman ne."

"Mutumin da ya ɗora maka bindiga jiya?"

"In na ƙi karɓa, gobe ba zai bar ni na duba masu ciwo ba. Akwai mai zazzaɓi a cikinsu."

Amsar ba ta da aibu, amma ni abin da na gani shi ne bai dube ni ba da yake faɗa. Yanzu na san gajiya ce da tsoro, mutumin da yake shiga bakin bindiga sau uku a rana. A lokacin ban ga haka ba.

Ranar Juma'a da hantsi kyaftin ya ce na je gida na sake kaya na dawo. Na tarar da Binta zaune a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba, mata maƙwabta biyu suna taya ta zama. Da suka fita ta biyo ni ɗaki tana tambayar yayanta. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta sauke numfashi.

"Ni dama na san Mamman ba zai taɓa shi ba. Ai shekara biyu ya yi a zauren Yaya lokacin da ya zo gari ba shi da kowa. Yaya ne ma ya samo masa aikin gadin."

Ina ɗaure takalmi na tsaya. Kwana biyu muna zama da Tanko, bai taɓa faɗin wannan ba.

"Malam, me ya sa kake kallona haka?"

"Ba komai."

"Na san wannan kallon. Yayana ne fa. Shi ya riƙe ni da babanmu ya rasu."

Na ɗauki hulata na fita, tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a kan cikinta.

Da na koma ban hau bene ba. Na zaga bayan katangar kamfanin ni kaɗai, ina bin warin ruwan jima, har na kai inda kwatar kamfanin take fitowa ta gangara wajen kogi. Kwalbati ne na siminti. Na durƙusa na gwada shi da kafaɗuna, na ga mutum zai iya shiga da rarrafe. Tun da injuna suka tsaya kwana biyu ruwan ya ragu, saura caɓi. Na tuna a zanen ginin akwai wani murfin ƙarfe a ƙasan siton ta can baya, inda ake kora ruwan gishiri idan an wanke daɓe. Na kira kyaftin gindin wata bishiyar darbejiya, nesa da kowa, na gaya masa. Na ce kuma ina so na yi gwaji. Muka hau bene muka tara mutanen nan, na tsaya a gaban zane na yi musu ƙarya: gobe Asabar da asuba za mu kawo tifa mu banke ƙofar ƙarfen da baya, mu shiga ta gaba. Malam Sabo ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tattara kofuna ya fita. Tanko ya ɗauki abincin rana ya nufi sito.

Bai fi minti goma da shiga ba muka fara jin jan kaya. Wanda na ɗora a kan tankin ruwa da madubin hangen nesa ya aiko cewa an sa leburori suna jibge ƙiraga a bayan ƙofa. A raina na ce magana ta ƙare. Tanko ya fito da sauri, ya nufo ni kai tsaye, ya kama hannun rigata.

"Haladu, sun san maganar tifa. Kafin na shiga ma sun sani. Kuma ka ji, sun ɗora mutum ɗaya da bindiga a kan tarin fatu ta baya, bayan ginshiƙi na uku. Ba a ganinsa daga ƙasa. Akwai wani abu kuma..."

"Ya isa, Yaya Tanko."

"Ka tsaya ka ji ni."

"Na ce ya isa."

Na ɗauka so yake ya raba mini hankali, ya sa na kai mutanena inda babu kowa. Na kira sufeto na ce a tsare shi har mu gama, na sa hannu a takardar da ya miƙo mini ba tare da na karanta ta sosai ba. Nufina a kulle shi a ɗakin masu gadi. Amma sai aka sa masa ankwa aka ratsa da shi filin kamfanin zuwa mota, a gaban babbar ƙofa inda iyalan waɗanda aka tsare suka yi kwana biyu suna jira, da yawansu mutanen ƙauyensu ne. Wani ya ɗaga murya ya ce ga munafukin nan an kama shi. Sai duwatsu. Ɗaya ya same shi a baki. Ina tsaye ina gani, ban motsa ba, don agogo nake kallo.

Ƙarfe biyu na rana kamfanin saƙa da ke maƙwabtaka yake busa jiniyar canjin aiki, takan yi kusan minti guda tana kuka. Ita muka auna. Mu huɗu muka shiga kwalbatin: ni a gaba, sai Kofur Isiyaku, sai Bulus, sai Lawal. Mun cire riguna, mun naɗe bindigogi a roba mun ɗaure a baya. Ba zan iya kwatanta muku warin ba. Caɓin gashin dabbobi ne da ruɓaɓɓen nama da ruwan magani mai cin fata, ya kawo mana har haɓa. Kafin mu yi rabin tafiya gwiwoyina da gwiwar hannuna sun fara zafi kamar an zuba barkono a ciwo. Wannan tabon da kuke gani a hannuwana daga nan ne. Lawal ya yi amai a bayanmu, ya toshe bakinsa da hannu don kada a ji. A wani wuri kwalbatin ya matse, na maƙale, sai da Isiyaku ya sa kafaɗa ya tura ƙafafuna. Da muka isa ƙarƙashin murfin na leƙa ta ramukansa, na hango ƙafafun mutane zaune a jikin bango, da farin takalmin Saratu.

Jiniya ta tashi. A daidai lokacin kyaftin ya sa aka tayar da tifa a gaban ƙofa ana taka mata mai. Ni da Isiyaku muka sa wuya muka ɗaga murfin. Da muka fito, mutum huɗu duk sun juya mana baya, suna fuskantar ƙofa.

"Kowa ya kwanta! Ku ajiye makamai!"

Ɗaya ya juyo da bindiga, na harbe shi a cinya ya faɗi. Masu adduna biyu suka watsar suka kwanta. Mamman Dogo ya tsaya yana kallonmu, baƙi ƙirin da caɓi kamar ba mutane ba, ya saki bindigarsa ƙasa. Na ƙirga huɗu. Kafin na ce ina na biyar, ƙara ta fito daga sama, daga kan tarin fatu, bayan ginshiƙi na uku. Ban sa kowa ya duba wurin ba, don na riga na yanke cewa ƙarya ce. Harsashin ya sami Isiyaku a gindin wuya. Bulus ya juya ya sauko da mai harbin. Duka abin bai kai minti uku ba. Mutum taran duk suka tashi da ƙafafunsu, babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Saratu ba ta fita ba. Ta yage ɗankwalinta ta danne wuyan Isiyaku, ina riƙe da kansa. Tana dannewa tana magana.

"Saje, kun kama mai buga musu wayar?"

"Wace waya?"

Ta nuna da haɓa. A kusurwar siton akwai wani ɗan ɗakin katako na akawu, a cikinsa akwai wayar cikin gida, irin wadda ake kiran ofisoshi da ita.

"Kullum kafin Malam Tanko ya shigo da abinci sai ta yi ƙara. Mamman ya ɗauka ya ce, to Malam Sabo, na ji. Ɗazu na samu na raɗa wa Malam Tanko, na ce ya gaya muku."

Isiyaku ya cika a mota kafin a kai asibiti. Ya bar mace da 'ya'ya biyu.

Na hau bene yadda nake, ba riga, caɓi na zuba daga jikina. Malam Sabo bai gudu ba. Yana tsaye yana yi wa kyaftin barka. Da ya ga fuskata ya zauna a kan kujera ba wanda ya ce masa ya zauna. Daga baya ya faɗi komai. Shi yake sayar da fatun, masu gadi suna buɗe masa ƙofa. Da asiri ya fara tonuwa ya tura su gaba. Da suka dawo da bindiga, tsoronsa kada a kama su da rai su ambaci sunansa, shi ya sa yake so su sami mota su tafi. Ofishinsa yana ƙasan benen da muke zama. Duk lokacin da muka gama shawara sai ya kwashe kofunan shayi, ya sauka, ya ɗaga waya.

A yammacin nan na je a saki Tanko, aka ce takardar da na sa wa hannu ta riga ta wuce gaba, kuma abin da ke cikinta shi ne ana zarginsa da haɗa baki. Sai da na yi kusan sati uku ina hawa ina sauka kafin ya fito, babu haƙora biyu na gaba. Kuma zirga-zirgar da na yi ita ta ƙara ɓata abin, don a ƙauyensu cewa aka yi mijin ƙanwarsa soja ne ya fitar da shi. Labarin Malam Sabo bai yi nisan da labarin ankwa ya yi ba, saboda ankwa da ido aka gan ta. Kamfani ya ce ya dawo aiki. Ya je kwana ɗaya, ya ga leburori suna yin shiru idan ya matso, bai sake komawa ba.

Ni kuwa aka ƙara mini girma, aka karanta sunana a gaban fareti. Binta ta tafi gida haihuwa, ta yi wata biyar ba ta dawo ba. Da ta dawo ba ta yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai ta tayar da maganar, tana shanya kayan Asabe, ba ta ko juyo ba.

"Na gaya maka don hankalinka ya kwanta, ka ɗauka ka ɗaure shi da ita. Da bakina aka ɗaure yayana."



Bayan damina na tafi wurinsa. Ya koma noman rani a wani ɗan fili a bakin kogi. Na same shi yana ban ruwan tumatir. Na yi sallama ya amsa, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya kawo ruwa a ƙwarya. Na faɗi duk abin da na zo faɗa, na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mana zaman Mamman Dogo a zaurensa ba.

"Kunya. Ni na kawo shi wurin, ga abin da ya yi wa mutane."

Ya mai da kallonsa kan ruwan da ke bin kwari tsakanin shuka.

"Kofur ɗin nan da ya rasu, an kai wa iyalinsa wani abu?"

Na ce an kai.

"To, madalla. Na yafe, Saje. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Tun ranar da na fara zuwa neman Binta, Haladu yake kirana, wani lokaci ya ce ƙanina. Daga wannan rana sai Saje. Ya zo sunan Sani, ya zo sunan Hauwa, mun yi sallar Idi kafaɗa da kafaɗa ba sau ɗaya ba, na bar aikin soja na yi furfura, na je dubiya ranar da ya kwanta ciwon ajali. Na durƙusa kusa da shi na ce Yaya Tanko, ni ne. Ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya gane ni.

"Sannu da zuwa, Saje," in ji shi.